Hasumiyar Jidda da dogayen gine-ginen Saudiyya: me za su canza a fuskar garuruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direba ne a wani gida a Jidda, kuma duk sanda na kai iyalan maigidana Abhur nakan ga dogon ginin nan da ya yi shekaru a tsaye babu aiki, ga shi yanzu ƙugiyoyi sun dawo kansa. An ce zai kai kilomita ɗaya a sama. Shin hakan zai yiwu a ƙasar da ke bakin teku? Kuma dogayen benayen da ake ta ginawa a Jidda da Makka da Riyad, me za su canza a kamannin garuruwan da zamanmu a cikinsu? Wasu abokaina ma cewa suke yi alamar ƙarshen duniya ce.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ginin da kake gani shi ne Hasumiyar Jidda, wadda da fari ake kira Hasumiyar Mamlaka, kuma abin da aka gaya maka game da tsayinsa gaskiya ne, domin an zana shi ne a kan ya ɗara mita 1,000. Idan Allah ya nufa an kammala, zai zama gini na farko da ɗan Adam ya yi wanda ya kai kilomita guda, kuma zai wuce Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, wanda yake riƙe da kambun tun da aka buɗe shi a watan Janairun 2010. Mutum ɗaya ne ma ya jagoranci zana su duka biyun, wato Adrian Smith, Ba'amurke mai ofis a Chicago. An fara aikin a 2013 a ƙarƙashin kamfanin da Yarima Alwaleed bin Talal yake da babban hannu a ciki, kamfanin Bin Ladin kuma shi ne ɗan kwangila. Aiki ya tsaya a farkon 2018, ginin yana hawa na sittin da 'yan kai, jim kaɗan bayan kamen da hukuma ta yi wa wasu 'ya'yan sarauta da manyan 'yan kasuwa a ƙarshen 2017, sannan annobar korona ta zo ta ƙara masa barci. A watan Oktoban 2024 aka sanar da sabuwar kwangila ta riyal biliyan 7.2, a Janairun 2025 aka ci gaba da zuba kankare, shekarar da aka sa a gaba don kammalawa kuma ita ce 2028.

Shakkar da ka yi game da ƙasar wurin tana kan hanya, kuma ita ce damuwar farko ta duk injiniyan da ya taɓa haƙa fandisho a Jidda. Ƙasar gaɓar Bahar Maliya tarin murjani ce da yashi da tsakuwa, mai ramuka a ciki, kuma da ka haƙa 'yan mitoci ruwa zai taso maka, ruwan ma na gishiri, wanda shi ne babban abokin gaban rodi. Babu wani ƙaƙƙarfan dutse a kusa da za a ce an ɗora ginin a kansa. Abin da aka yi shi ne, an haƙa ramuka 270 aka cika su da rodi da kankare, suka zama turaku, waɗanda suke tsakiya sun nitse fiye da mita 100 a ƙasa, sannan aka shimfiɗa musu faifan kankare mai kaurin kusan mita biyar wanda ya ɗaure kawunansu gaba ɗaya. Waɗannan turaku ba a kan dutse suke tsaye ba, riƙon da ƙasa take yi wa jikinsu ne yake ɗauke da nauyin, kamar yadda turken da aka kafa da zurfi yake gagarar saniya ko da a ƙasa mai taushi ne. Ginin zai ɗan zauna sannu a hankali, wannan an san da shi kuma an lissafa shi. Abin gudu shi ne wani ɓangare ya zauna fiye da wani, shi ya sa aka bambanta zurfin turakun gwargwadon nauyin da ke kan kowannensu. Tun asali ma tunanin masu ginin ya kai mil guda, wato kimanin mita 1,600, binciken ƙasar wurin yana daga cikin abin da ya sa aka sauko zuwa kilomita.

Mutane sukan ɗauka nauyi ne yake hana gini tsayi, alhali da zarar bene ya wuce hawa arba'in ko hamsin, iska ce take zama mai faɗa a ji. Iskar da ta bugi dogon abu ba ta tsayawa ga turi kawai, tana kewaya shi ta riƙa yin guguwa a bayansa, ta dama sannan ta hagu, bi da bi, har ta sa shi lilo gefe da gefe, kamar yadda za ka ga karan dawa yana rawa a cikin ruwa mai gudu. Idan faɗin gini ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, waɗannan guguwoyi sukan haɗa baki su riƙa bugawa lokaci guda. Maganin da aka samo shi ne a hana su haɗa bakin, a sa kowane hawa ya ɗan bambanta da na ƙasansa. Saboda haka ne aka yi wa Hasumiyar Jidda ƙafafu uku kamar murhu, kowace ƙafa tana tokare sauran biyun, sannan jikinta yana tsukewa a hankali har zuwa tsini. Abin da ido yake ɗauka ado ne, rabinsa lissafin iska ne. Duk da haka za ta yi motsi, domin babu dogon ginin da ba ya yi, aikin injiniya dai shi ne motsin ya zama a hankali yadda mai shan shayi a hawa na ɗari da ashirin ba zai ji jiri ba.

Sauran wahalhalun na yau da gobe ne, amma su suke cin kuɗi. Kankare sai an tunkuɗa shi da famfo zuwa sama, kuma a Burj Khalifa an kai shi sama da mita 600 ta bututu. A zafin wannan yanki da dare ake zubawa, a haɗa kwaɓin da ƙanƙara don kada ya kama a hanya ko ya tsattsage yana bushewa. Na yi shekaru ina irin wannan kwanan tsaye a wani bene da muka gina kusa da Kurnish, wato titin bakin tekun Jidda, wanda bai ma kai hawa arba'in ba, kuma na san abin da jinkirin motar kankare ɗaya yake jawowa. Lifta ma tana da iyakarta, domin igiyar ƙarfe idan ta wuce kimanin mita 500 nauyin kanta yana neman ya fi ƙarfinta, shi ya sa aka shirya amfani da wata igiya mara nauyi ta zaren kabon wadda kamfanin Kone na ƙasar Finland ya ƙera. Ruwan sha kuwa zango-zango ake hawar da shi, daga tanki zuwa tanki, in ba haka ba ƙarfinsa zai fasa bututun da ke ƙasa. Sai kuma hawa-hawa na musamman da ake warewa don mutane su fake idan gobara ta tashi, tunda ba mai iya sauko da dubban mutane ta matakala daga irin wannan tsayi cikin 'yan mintoci.

Akwai wani abu da masu tallan gini ba su cika faɗa ba. Kilomitan nan ba duka ne na zaman mutane ba. A Burj Khalifa, kusan mita 240 na sama tsini ne kawai wanda ba a zama a ciki, haka kuma a Jidda dandalin kallo zai kasance ne a mita 600 da wani abu, abin da ya yi sama da nan mafi yawansa tsini ne da na'urori. Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a, domin zankwayen da maginanmu suke yi wa soro ba su ƙara ɗaki ko ɗaya, amma su ne suke sanar da mai wucewa cewa gidan na mai hali ne. Bambancin kawai shi ne zankon Jidda ya ninka hasumiyar Gobarau ta Katsina sau da yawa.

Wannan ya kawo mu ga dalilin yin ginin, wanda a ganina shi ne mabuɗin tambayarka. Asalin dogon bene ya samo tushe ne a Chicago da New York a ƙarshen ƙarni na 19, inda fili ya yi tsada a tsakiyar gari har ya zama dole a tara hawa a kan hawa don a fanshe kuɗin ƙasa. Kai da kake bin hanyar Abhur ka san arewacin Jidda ba ya fama da ƙarancin fili. Kuma dogon gini yana da wani mataki da idan ya wuce shi, kowane sabon hawa asara ne, domin lifta da ginshiƙai da bututu suna cinye wurin da ya kamata a ba da haya. To me ya sa ake yi? Ana yi ne saboda filin da ke kewaye. Hasumiyar tana tsakiyar wani fili mai faɗin murabba'in mita sama da miliyan biyar da ake son mayarwa sabon gari, kuma ribar tana cikin gidaje da shaguna da otal-otal da za a sayar da sunan suna kallon gini mafi tsayi a duniya. Abin da Dubai ta yi ke nan, ta kafa Burj Khalifa a fili, ta kewaye shi da babbar kasuwa da tafki da benaye, unguwar ta zama ɗaya daga cikin mafi tsada a birnin. Sai dai dabarar tana da haɗari. Ginin na Dubai da sunan Burj Dubai aka gina shi, sai a ranar buɗewa aka sauya masa suna zuwa na Sheikh Khalifa, shugaban Abu Dhabi na lokacin, bayan Abu Dhabi ta ceto Dubai daga bashi a ƙarshen 2009. Ginin Empire State na New York ma, da aka gama shi a 1931 a tsakiyar karayar tattalin arziki, ya yi shekaru yawancin ofisoshinsa babu kowa.

Don haka ina ba ka shawara ka riƙa bambanta ginin da ake yi da ginin da aka sanar. A Riyad an sanar da Muka'ab a watan Fabrairun 2023, gini mai siffar akwati, mita 400 a tsayi da faɗi da tsawo. A Neom, sabon yankin da ake ginawa a arewa maso yammacin Saudiyya, an nuna zanen birnin da ake kira The Line a 2022, bango biyu na gilashi masu tsayin mita 500 da tsawon kilomita 170, sannan daga 2024 rahotanni suka yi ta fitowa cewa abin da za a fara ginawa ɗan guntu ne ƙwarai daga wannan tsawo. A Dubai an haƙa fandishon wata hasumiya a bakin Khor, wato mashigin tekun birnin, wadda aka ce za ta wuce Burj Khalifa, aiki ya tsaya a 2020. Ƙasar Sin kuwa, wadda ta fi kowa yawan dogayen gine-gine, ita da kanta ta hana sabon gini ya wuce mita 500. Mu a wajen aiki hoton kwamfuta ba ya burge mu. Abin da muke dubawa shi ne ko ƙugiya tana juyawa, ko motocin kankare suna layi da dare, ko hawa yana ƙaruwa daga wata zuwa wata. A bisa wannan ma'auni Hasumiyar Jidda tana cikin waɗanda ake ginawa da gaske, kuma kai shaida ne.

Game da kamannin Jidda, sai a tuna cewa gari ne da tun asali daga teku ake fara ganinsa. Alhazan da suka zo ta jirgin ruwa daga Sawakin da Fatsudan, ciki har da kakannin da yawa daga cikinmu, abin da suke fara hangowa shi ne fararen gidajen Balad, wato tsohon garin, masu hawa huɗu zuwa shida, na dutsen murjani, da tagoginsu na katako da ake kira rawashin, da hasumiyoyin masallatai. Ganuwar garin sai a 1947 aka rushe ta, daga nan ya miƙe arewa yana bin gaɓa, har ya zama doguwar tabarma mai mutum kusan miliyan huɗu wadda ba ta da tsakiya guda. Alamar da kowa ya san Jidda da ita tun shekarun 1980 ba ma gini ba ce, ruwan nan ne na Nafurar Sarki Fahad da yake tashi sama da mita 250. Hasumiyar za ta karɓe wannan matsayi ba tare da gardama ba, amma ba za ta zauna a cikin jerin benayen Kurnish ba, can gefe za ta tsaya ita kaɗai, ta ninka kowane gini a garin fiye da sau uku. Abin da hakan zai haifar shi ne ƙara jan nauyin gari zuwa arewa, wajen filin jirgi da Abhur, kudancin gari kuma ya ƙara nisa da inda kuɗi yake. A lissafi, mai tsaye a dandalin kallonta zai iya hangen kusan kilomita 90 a kan teku, amma ka san hazon Jidda da laimarta. Ranakun da za a ga hakan ƙidayayyu ne, kuma sau da yawa kan hasumiyar zai riƙa ɓacewa daga ƙasa. Inuwarta kuwa ga ma'auni mai sauƙi: lokacin da la'asar take shiga, sa'ad da inuwar kowane abu ta kai tsayinsa, tata inuwar ta kai kilomita guda ke nan, kuma tana ƙara tsawo har faɗuwar rana.

In za ka tambaye ni ginin da ya fi burge ni a Jidda, ba mai tsayi ba ne. Tsohuwar hedikwatar Bankin Ahli ce da ke kusa da Balad, wadda aka gama a 1983, mai kusurwa uku da hawa 27. Bangonta na waje dutse ne babu tagogi, sai manyan ƙofofin iska guda uku da aka huda a jikinta, gilasan ofisoshi duka suna kallon ciki, cikin inuwa. Wanda ya zana ta ya fahimci abin da maginan Balad da na Kano suka sani tuntuni, cewa a ƙasar rana kauri da inuwa ake nema. Yawancin sababbin benaye kuwa kwalaben gilashi ne, masu tara zafi da rana, sai a dawo a kashe wutar lantarki mai yawa wajen sanyaya su, kuma ƙura da gishirin teku suna dusashe su, wankinsu kaɗai sana'a ce ta shekara da shekara.

Makka lamarinta daban ne, kuma nan ne ya kamata a yi magana da natsuwa. Idan akwai wurin da dogon bene yake da hujja ta gaskiya a wannan ƙasa, to kewayen Harami ne. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun matse shi, miliyoyin mutane kuma suna son abu ɗaya a lokaci ɗaya, wato su kwana inda za su taka da ƙafa su samu jam'i sau biyar. A 2019 mahajjata sun kusa miliyan biyu da rabi, kuma shirin ƙasa na 2030 yana neman masu umara su kai miliyan talatin a shekara. Wannan adadi ba zai shiga gidaje masu hawa huɗu ba. Daga nan aka samu Abrajul Bait, benaye bakwai na waƙafin Sarki Abdul'aziz, wanda na tsakiyarsu, mai agogo, ya kai mita 601, kuma kowace fuskar agogon faɗinta ya wuce mita 40. An gina su ne a wurin da tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa take, wadda aka rushe a 2002 tare da dutsen da take kai, abin da ya jawo ƙorafi mai zafi daga Turkiyya. Sai Jabal Umar da otal-otal ɗinsa a yamma, sai kuma aikin Masar, wani faffaɗan titi mai tsawon kilomita uku da rabi da 'yan kai wanda ya taso daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Haramain ya nufi Harami, da jerin benaye dama da hagu.

Hujjar tana nan, amma abin da aka biya ma yana nan. Ɗakin Ka'aba tsayinsa bai wuce mita 15 ba, kuma shekaru aru-aru duk wanda ya shigo Makka duwatsu yake gani, sannan hasumiyoyin masallaci, sannan Ɗakin. Yau mai zuwa daga Jidda agogo yake fara hangowa tun yana nesa da gari, mai ɗawafi kuma da ya ɗaga kai shi yake gani a kansa. Masana gine-gine da dama, har da 'yan ƙasa, sun nuna rashin jin daɗinsu da wannan, ni ma ra'ayina ke nan: da an raba wannan yawan ɗakuna a benaye masu matsakaicin tsayi, an ja da su baya kaɗan, an haɗa su da Harami da jirgin ƙasa, da an samu masauki ba tare da an danne abin da aka zo dominsa ba. Madina ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Otal-otal ɗin da suka kewaye Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kusan tsayinsu ɗaya, babu wanda ya yi zarra, shi ya sa har yau hasumiyoyin masallacin da koren ƙubba su ne suke jan ido, kuma duk wanda ya je garuruwan biyu yana jin bambancin a jikinsa ko da bai san dalilinsa ba.

Riyad ba sai na daɗe a kanta ba. Shekaru da yawa benaye biyu ne fuskarta, Faisaliyya mai mita 267 da aka gama a 2000, da Mamlaka mai mita 302 da aka gama a 2002, suna tsaye a layi ɗaya a unguwar Ulayya. Yanzu nauyi ya koma Unguwar Hada-hadar Kuɗi ta Sarki Abdullah a arewa, inda bene mafi tsayi a birnin yake, mai mita 385. Ita ma ta yi shekaru kusan babu kowa a ciki, abin da ya raya ta shi ne ƙa'idar da ta fara aiki a 2024 cewa kamfanin waje da yake son kwangilar gwamnati sai ya kafa hedikwatarsa ta yanki a cikin ƙasar, da kuma jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a ƙarshen 2024, mai layi shida. A nan tarin benaye ya zo da hanyar kai mutane gindinsu, wanda shi ne abin da Jidda ba ta samu ba tukuna. Amma haya ta yi tashin da har a watan Satumban 2025 hukuma ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin na tsawon shekara biyar.

Maganar haya ce ta kawo ni ɓangaren tambayarka da ya fi shafar mu. Hausawa suna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma fuskar gari da ake ɗauka a hoto hange ce kawai. Abin da yake taɓa mutum yana faruwa ne a gindin ginin. Kowane babban aiki fili yake buƙata, filin da ya fi sauƙin samu kusa da tsakiyar gari kuma shi ne na tsofaffin unguwannin da ba su da tsari, inda talakawa da baƙi suke. A Makka, faɗaɗa Harami ya ɗauke Shamiyya, aikin Masar kuma ya ratsa ta yankin Shara Mansur da Hindawiyya da Tandabawi, wuraren da Takari suka zauna tun kaka da kakanni. A Jidda, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama, ciki har da Gulail da Fetromin da Karantina da Sabil da Kandara, a daidai lokacin da aka sanar da aikin Tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75 a bakin teku. Gaskiya ne cewa yawancin waɗannan unguwanni lunguna ne da motar kashe gobara ba ta shiga, babu magudanan ruwa na kirki, kuma wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da ɗari ba zai ce a bar gari yadda yake ba. Gaskiya ne kuma cewa diyya mai gida take bi, ɗan haya kuwa, musamman baƙo, kayansa kawai yake kwashewa, ya tarar da haya ta tashi a duk inda ya nufa saboda dubban irinsa suna neman ɗaki a lokaci guda. Ɗakin da za a gina a hawa na tamanin ba zai maye gurbin ɗakin da aka rushe a Karantina ba, domin masu shigarsu ba ɗaya ba ne. Idan kana son ka san ko wani sabon bene zai amfani gari, duba ko akwai motar haya ko jirgi da zai kai ma'aikacinsa, ko akwai inuwar da mutum zai taka a ƙasansa da azahar, da kuma nisan inda mai shara da mai gadi da direba irinka za su kwana.

Abin da abokanka suke nufi shi ne hadisin Jibrilu wanda Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci cewa daga alamomin Sa'a akwai ganin matalauta makiyayan awaki, marasa takalma, suna gasar tsawaita gine-gine. Hadisin ingantacce ne, kuma ba wanda zai dubi tarihin wannan yanki a shekara ɗari da suka wuce bai tuna da shi ba. Sai dai malamai sun yi bayani cewa kasancewar abu alama ba shi ne yake mayar da shi haram ko halal ba, hukuncin yana komawa ga niyya da buƙata da almubazzaranci. Wannan fagen nasu ne, ni injiniya ne, don haka ka kai musu tambayar su faɗaɗa maka.

Akwai dai wata mas'ala da lissafinmu da nasu suka haɗu a kanta, wadda za ta taso a Jidda da zarar mutane sun tare. Wanda yake can sama yana ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga na ƙasa. A Dubai, tun 2011 malamai suka ba da fatawa cewa mazauna Burj Khalifa daga hawa na 80 zuwa sama su jinkirta buɗa baki da minti biyu, waɗanda suka wuce hawa na 150 kuma da minti uku, kuma alfijir ma yana riga fito musu. Hasumiyar Jidda tana kallon yamma ne kai tsaye a kan teku, babu dutse babu gini tsakaninta da inda rana take faɗuwa, don haka idan wata rana cikin azumi ka kai iyalan maigidanka dandalin kallon, kai da ka tsaya a mota za ka riga su shan ruwa da kimanin minti uku zuwa huɗu.